Bakin Mugu: Daga Zambon Fadar Gobir Zuwa Fim ɗin Hausa

Ƙorafi biyu sun daɗe suna bin fim ɗin Hausa. Na farko shi ne surutu ya yi masa yawa, a zaunar da mutum uku a falo ko a zaure su yi ta zuba har mai kallo ya gaji. Na biyu shi ne mugaye sun cika shi, daga uwar miji mai baƙin ciki da kishiya mai bin bokaye, zuwa alhajin da ke korar matarsa da goyo a baya da ɗan siyasar da ya mayar da ƙarya sana'a. Masu ƙorafin sukan ɗora laifin a kan talaucin masana'antar da kuma kwaikwayon Indiya, kuma ba za a ce ba su da abin kamawa ba. Sai dai wanda ya bi sawun al'amarin zai tarar mugu mai dogon zance ya girmi kyamara a ƙasar Hausa da shekaru masu yawa, kuma an daɗe ana fito da shi fili da gangan, a bar shi ya yi magana son ransa, domin jama'a su ji yadda azzalumi yake tsara hujjarsa kafin su haɗu da shi ido da ido. Ƙasar Gobir, musamman yankin Sabon Birni da Isa, tana cikin wuraren da wannan tarihi ya fi fitowa sarari, kuma a yau ita ce ta fi kowa haƙƙin a tambaye ta ko wannan al'ada tana da sauran amfani.

Bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, sarautar Gobir ba ta sake zama a wuri ɗaya ba. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun ci gaba da yaƙi har aka ci su a Gawakuke a 1836, sannan suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya, a rabin ƙarshe na wancan ƙarni, Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri ya kafa Sabon Birni ba nisa da kufan Alƙalawa, a can Isa kuma gidan da ya fito daga zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana riƙe da sunan Sarkin Gobir. Ƙasar da sarauta ta rabu haka, kowace fada tana da 'yan sarki masu jiran gado da fadawa masu kai sara, ƙasa ce da magana ke da tsada, domin kalma ɗaya a kunnen sarki tana iya naɗa mutum ko ta tuɓe shi. A irin wannan fada makaɗi yake samun aikinsa na biyu. Na farko kowa ya sani, wato yabon ubangidansa. Na biyu shi ne zambo, kuma a nan gwanintar ta fi bayyana. Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali wanda ya rasu wajen farkon shekarun 1960, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa, har gobe ana sauraronsa, kuma duk wanda ya san waƙoƙinsa ya san cewa zambonsa ga magabtan sarki yana cikin abin da ya sa ba a mance da shi ba.

Abin lura shi ne yadda zambo yake aiki. Makaɗi ba ya kama suna. Yakan gina mutum ne a gaban masu sauraro, ya ba shi tafiya da ƙira da irin rawaninsa, ya nuna rowarsa ko kwaɗayinsa ko yadda yake lallaɓawa gidan malamai da bokaye neman sarautar da ba tasa ba, wani lokaci har ya sa masa magana a baki, 'yan amshi su ɗauka. Kafin a sauke kotso kowa a fada ya gane wanda ake nufi, alhali ba a ambace shi ba. Wannan shi ne ainihin aikin marubucin fim idan ya zauna ƙirƙirar mugu: ya tara halayen da mutane suka sani a jikin mutum ɗaya, har mai kallo ya ce ai wannan wane ne. Za a iya cewa zambo makamin mai mulki ne, sarki ke biyan makaɗi da doki da riga domin ya ci mutuncin abokan hamayyarsa, don haka babu abin alfahari a ciki. Wannan gaskiya ne, kuma ba kowane wanda aka yi wa zambo ne mugu ba, wani laifinsa kawai shi ne an haife shi ɗan sarki. Amma dabarar ba ta tsaya a hannun masu mulki ba.

A wasan gauta, wanda aka sani a fadojin ƙasar Hausa, matan gidan sarki ne suke shigar sarki da hakimansa da alƙali, su kwaikwayi muryarsu da yadda suke yanke hukunci, masu sarautar kuwa suna zaune suna kallon kansu. Hakimin da ya saba danne talaka yakan ji kalamansa suna fitowa daga bakin kuyanga, jama'a na dariya, ba shi da ikon yin fushi. A ƙauyuka kuma bayan an kawar da amfanin gona samari suna yin kalankuwa, su naɗa nasu sarki da alƙali da dogarai, a zamanin Turawa har da nasu Razdan da Di'o, su yi shari'ar wasa wadda kowa ya san daga ina aka kwaso ta. Tashe na watan azumi ya sauko da abin har ƙofar gida, yara su fito da mai maganin ƙarya da malamin da ya saki layi da gwauron da ya ƙi aure. A duk waɗannan wasanni ba a ɓoye mai mugun hali, shi ne ma tauraro, kuma kayan aikin 'yan wasa ba su wuce tsumma da gemun auduga da harshe ba. Al'ummar da ta hana yaro ɗaga ido ya dubi babba, ita ce kuma ta keɓe lokaci a shekara ta ce wa yaron ya sa rawani ya nuna wa babban yadda yake.

Akwai dalilin da ya sa muguntar wasan Hausa take zaune a kan harshe, kuma dalilin yana cikin zaman Bahaushe kansa. Mafi yawan cutar da ake yi wa mutum a gida da unguwa da fada, da baki ake yin ta. Da kalma ake sakin mace. Da gori ake karya maraya da matar da ba ta haihu ba. Da barazanar tsinuwa uwa take raba ɗanta da matar da yake so, da shaidar zur ake ƙwace gona, da habaici kishiya take hana 'yar'uwarta barci ba tare da ta taɓa ta ba. Sannan kunya da ladabi sun ɗaure bakin wanda ake cuta: suruka ba ta mayar wa uwar miji, ɗa ba ya musu da uba, talaka a gaban hakimi ba ya wuce “ranka ya daɗe”. Saboda haka idan fim ya nuna Hajiya tana zazzaga masifa minti biyar, yarinya na durƙushe kanta a ƙasa ba ta ce uffan ba, bai ƙara gishiri ba. Ya nuna yadda iko yake a rabe a wannan gida, wa ke da izinin magana, wa aka hana. Fim ɗin da ya gajarta wa Hajiya zance domin kada a gaji, ya rage wa mai kallo sanin nauyin abin da yarinyar take haɗiyewa.

Da boko ya zo, marubuta ba su yar da wannan gado ba. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, Waziri maci amana ne yake tura labarin littafi na farko gaba, kuma yaƙin da akun labarin ya yi da makircinsa da baki ya yi shi. Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, waɗanda suka fara a matsayin wasannin rediyo a Kaduna kafin a buga su wajen 1959 da 1960, cike da 'yan duniya masu zaƙin baki. Uwar Gulma na Muhammad Sada ya kafa labarinsa a kan miji mai wulaƙanta matarsa, Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina kuma, na 1979, a kan mai kuɗin da ke lalata tarbiyyar 'yar makaranta. Rediyo ta ƙara wa abin ƙarfi, domin a akwatin rediyo babu fuska babu tufafi, da murya kaɗai ake gane azzalumi, kuma rediyo ce ta riga komai isa garuruwan bakin iyaka, inda ake kama Kaduna da Sakkwato da Yamai a akwati ɗaya. Da talabijin ta zo aka samu Samanja a Kaduna, Kuliya a Kano, Karkuzu a Jos, Idon Matambayi a Sakkwato, a Nijar kuma su Yazi Dogo. A kwatanta wannan da majigin da gwamnati take zagawa da shi ƙauyuka a shekarun 1950, irin su Baban Larai, inda ake nuna manomi mai bin shawarar malamin gona domin a yi koyi da shi. Majigi ya koyar da noma, amma mutanen da aka riƙe a ka, ana kwaikwayon maganarsu a dandali, daga wasannin rediyo da talabijin suka fito.

Fim ɗin bidiyo ya fara a Kano da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, kuma 'yan wasan farko daga ƙungiyoyin daɓe da talabijin suka taso, da tarbiyyar dogon zance a bakinsu. A wannan shekarar Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka mayar fim a 1998, labarin Alhaji Abdu da ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya. Hauwa Ali Dodo ta rayu har ta rasu a 2010 ana kiranta Biba, sunan fitinanniyar da ta fito a Ki Yarda Da Ni. Saratu Giɗaɗo, wato Daso, wadda ta fara da Linzami Da Wuta a 2000, ta shafe fiye da shekara ashirin tana fitowa a muguwar uwa da kishiya da uwar miji, kuma da ta rasu a watan Afrilun 2024 alhinin da aka yi ya nuna masu kallo sun san bambancin 'yar wasa da rawar da take takawa. Masu cewa daga Indiya aka kwaso mugu suna da hujja ta wani gefe. Bahaushe ya san Gabbar Singh na Sholay, fim ɗin 1975, ya san Mogambo da Amrish Puri ya fito a 1987, kuma rawa da waƙa da soyayyar mutum uku duk an aro su daga can. Amma mugun Indiya yana da sansani da yara masu bindiga da dariyar ƙeta, a ƙarshe jarumi ya lakaɗa masa duka. Muguwar da Daso take fitowa tana zaune a tsakar gida da carbi a hannu, makaminta gori da kirsa, kuma ba dukanta ake yi ba, asirinta ne yake tonuwa a gaban dangi. Wannan ba daga Bombay ta zo ba.

Batun talauci ma haka yake. Gaskiya ne zance ya fi komai araha: kyamara ɗaya, ɗaki ɗaya, kwana kaɗan, an gama fim. Gaskiya ne kuma an yi fina-finai da yawa da surutunsu cikon kaset ne kawai, a maimaita a ɗaki abin da aka riga aka faɗa a zaure. Sai dai da rashin kuɗi ne kaɗai sanadi, da zuwan kuɗi ya kashe zance. Abin da ya faru akasin haka ne. Bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014, da komawar masana'antar ga shirye-shirye masu dogon zango a talabijin da YouTube, kayan aiki sun inganta, zance kuwa ya ƙara samun fili. Gidan Badamasi kusan gaba ɗayansa cacar baki ce tsakanin uba marowaci da 'ya'ya masu jiran gado, babu na zaɓe a cikinsu, kuma mutane suka rungume shi.

Hujjar da ta fi nauyi a wurin iyaye da malamai ita ce ta tarbiyya: yaro yana haddace baƙar maganar mugu, ba ya haddace wa'azin da aka liƙa a ƙarshe. A kan wannan tunani aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, kuma a Satumbar 2021 ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Damuwar ta gaskiya ce, kuma fim ɗin da ya mayar da ɗan daba abin sha'awa, ya ƙawata wuƙarsa da tabarsa, ya cancanci a taka masa birki. Amma nuna mugu daban, tallata shi daban. Alƙur'ani mai girma, wanda ba a haɗa shi da komai, ya kawo mana hujjar Iblis ta girman kai, da kalaman Fir'auna, da shawarar da 'yan'uwan Annabi Yusuf suka ƙulla, domin mumini ya gane irin wannan magana idan ya ji ta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi wa'azinsa a wannan ƙasa ta Gobir, bai tsaya ga cewa sarakuna suna zalunci ba, a Kitabul Farƙ ya jera hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, har da jangali da gaisuwar da ake kai wa masu iko. Masana'antar fim ta Amurka ta gwada ɗaure kanta da ƙa'ida daga 1934 zuwa 1968, aka wajabta cewa mai laifi ba zai ci riba a labari ba, daga baya suka watsar da ƙa'idar. Abin da hani irin wannan yake haifarwa shi ne mugun da ba ya kama da kowa, wanda ba zai taimaki yaro ya gane na gaske ba.

Akwai wata hujja da ba a amsa ta da sauƙi, kuma daga gabashin Sakkwato take fitowa. Mutanen Sabon Birni da Isa ba a fim suka san mugunta ba. A watan Mayun 2020 an kashe mutane fiye da saba'in a ƙauyukan Sabon Birni a hari ɗaya. A Satumbar 2021 an auka wa sansanin jami'an tsaro a Burƙusuma, a watan kuma aka katse layukan waya a yankin. A Disambar wannan shekara aka ƙona matafiya a cikin mota. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi, bayan duniya ta ga bidiyonsa a ɗaure yana neman ɗauki. Dubban mutane sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi gudun hijira. Wanda ya ga wannan yana da haƙƙin ya ce a ba shi fim ɗin da zai sanyaya masa rai, kuma babu mai ikon ce masa ya yi kuskure. Amma a duba yadda wannan masifa take tafiya. Bindiga rabin aikin take yi, sauran rabin da baki ake yin sa. Shugabannin 'yan bindiga irin su Bello Turji suna fitar da saƙon murya da bidiyo suna bayyana kansu a matsayin waɗanda aka zalunta, suna sa wa gari haraji su kira shi sulhu, suna ciniki a waya kan ran mutum. Akwai mai kai musu rahoto da ke zaune cikin gari yana gaisawa da kowa, da mai sayar musu da mai da abinci wanda ya tanadi uzurinsa, da mai riƙe da muƙamin da ke zuwa jaje da alkawari a baki. Waɗannan saƙonni suna yawo a wayoyin samari ba tare da kowa ya tace su ba. Idan an hana marubuci ya gina irin wannan mutum, ya bar shi ya kawo hujjarsa, sannan ya nuna inda hujjar ta ruɓe da abin da ta jawo wa matar da aka bari da marayu, to an bar wa ɗan bindiga fagen shi kaɗai, shi ne mai labari, shi ne jarumin labarin.

Inda fim ɗin Hausa ya gaza, a ganina, shi ne yana tsoron mugunsa. Sau da yawa ba a ba shi dalili, an haife shi mugu ne kawai, ko kuma a jingina komai ga boka, kamar hassada da kwaɗayi ba su isa su sa mutum ya yi ɓarna ba sai an binne laya. Sannan a minti biyar na ƙarshe a jefo masa hatsarin mota ko shanyewar ɓarin jiki ko hauka, ya yi kuka ya nemi gafara, kowa ya yafe. Tuba gaskiya ce, sakayya ma gaskiya ce, amma mutumin Gatawa ko Burƙusuma ya san azzalumi yakan daɗe yana cin karensa babu babbaka, kuma labarin da ya ce masa ba haka ba ne bai girmama abin da ya gani ba. Kwana Casa'in, wanda Arewa24 ta fara a 2019, ya nuna ana iya yin abin da ya fi haka. Bawa Maikada da Sani Mu'azu ya fito, gwamnan jihar Alfawa ta labarin, mutum ne mai fara'a da iya magana, yana da amsa ga kowace tuhuma, kuma abin da ya sa ya tsoratar ke nan, domin mai kallo ya san ya taɓa jin wannan murya a taron siyasa, wataƙila ma ya tafa mata.

Marubutan Kano da Kaduna da Sakkwato da Maraɗi suna da gadon da ya ishe su, daga zambon fada da gauta da tashe zuwa wasannin rediyo, kuma suna da masu kallon da suka saba sauraron dogon zance su tsinci ma'ana a ƙarƙashinsa. Ya kamata su rubuta mai kai rahoto da dillalin kuɗin fansa da shugaban da ya sayar da garinsa, su ba kowannensu bakin da zai kare kansa, ba tare da ƙawata bindiga ko koyar da dabarar sata ba, kuma su je su saurari mutanen Sabon Birni da Isa kafin su ɗora alƙalami. Hukumomin tace fina-finai kuma su riƙa auna fim da abin da ya nuna game da mugunta, su daina hana shi don kawai ya ambace ta.